Daga Lambatun Fagge zuwa Dam ɗin Wasai: Nazari kan Ruwan Sama, Cikar Tafki da Dagulewar Ruwa

Tsakure

Wannan nazari ya bi sawun ruwan saman da ke sauka a Fagge da Sabon Gari, tun daga kwanon rufi da kwalta har zuwa dam ɗin Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir, inda Kogin Jakara ke sauke kayansa. Ya duba abin da ke sa tafki ya cika ko ya janye, da abin da ke sa ruwansa ya dagule ko ya washe. Matsayarsa ita ce ambaliyar da ke shiga kasuwannin Fagge da dagwalon da ke taruwa a Wasai matsala ɗaya ce, kuma tushenta shi ne birnin ya rasa wuraren da ruwa ke tsayawa ya kwanta kafin ya wuce.

Gabatarwa

Idan ana zancen ruwan damina a Kano, asarar da ido ya gani ake lissafawa: katangar da ta faɗi, shagon da ruwa ya shiga, motar da ta mutu a tsakiyar titi. Da rana ta fito titi ya bushe, sai zancen ya mutu. Amma ruwan gangarawa ya yi ya tafi wani wuri, ɗauke da duk abin da ya tarar a hanya. A arewacin birnin, hanyarsa ita ce Kogin Jakara, masauƙinsa kuwa dam ɗin Wasai, wanda aka gina a 1976 domin noman rani da kamun kifi da shayar da dabbobi.

Jakara ta taso ne daga cikin tsohon birni, ta ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi, ta fito wajen ganuwa ta bi ta Fagge, inda Kwarin Gogau da mahautar Abbatuwa ke zuba mata. Daga nan ta bi ta gefen Sabon Gari da Titin Filin Jirgi da Kwakwaci, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, sannan ta miƙa arewa maso gabas. Saboda haka duk mai son sanin halin da ruwan Wasai yake ciki, sai ya fara da Fagge da Sabon Gari, domin suna cikin wuraren da gini da kasuwanci suka fi cunkushewa a duk faɗin wannan kwari.

Yanayin ruwan saman Kano

Abin da Kano ke samu a shekara yakan kama tsakanin milimita 800 da 1,000, yana raguwa ko ƙaruwa gwargwadon shekara. Kusan dukkansa yana sauka ne daga Mayu zuwa Satumba ko farkon Oktoba, kuma Agusta, watan marka, shi ne kan gaba. Shekarun farin 1972 zuwa 1973 da 1983 zuwa 1984 sun nuna yadda yake iya ja baya, daminar 1988 kuwa ta nuna yadda yake iya wuce kima, domin a watan Agustan shekarar ne dam ɗin Bagauda ya ɓalle bayan mamakon ruwa.

Jimlar shekara ba ita ce ke haddasa ambaliya ba. Abin lura shi ne yawan ruwan da ya sauka a ɗan ƙanƙanen lokaci. Ruwan ƙasar Hausa galibi na hadari ne: gari ya yi baƙi, iska ta taso, a zuba shi kamar da bakin ƙwarya, cikin awa ɗaya ko biyu a ɗauke. Yayyafin da ya wuni yana sauka ƙasa na iya shanye mafi yawansa. Amma idan wannan adadin ya sauko cikin minti arba'in, ko ƙasa mai yashi ba ta iya haɗiye shi, balle wadda aka shafe da siminti.

Ƙasar da aka rufe

Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Gidan da rufinsa ya kai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa mai milimita 50, zai zubar da lita 5,000, wato jarka 200 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. A kan murabba'in kilomita ɗaya kuwa, wannan ruwan ya kai lita miliyan 50, fiye da tankar mai 1,500 mai cin lita 33,000.

Injiniyoyin magudanan ruwa suna da ma'aunin kason da ke malala a doron ƙasa maimakon ya nutse. A fili mai yashi da ciyawa, bai cika wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. A unguwar kasuwanci da ta cika da kwano da kwalta da kankare, yakan kai kashi 70 zuwa 95. Idan muka ɗauki kashi 15 ga filin da ba a gina ba, murabba'in kilomita ɗaya zai tura lita miliyan 7.5 cikin rafi. Idan muka ɗauki kashi 80 ga unguwa irin Sabon Gari, zai tura lita miliyan 40. Ruwan sama bai ƙaru ba, amma abin da rafi zai ɗauka ya ninka fiye da sau biyar.

Tarihin unguwannin ya nuna yadda aka kai ga haka. Fagge ta fara ne a matsayin zangon fatake da masu raƙuma a wajen ganuwa, wuri mai filaye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, aka yanka mata tituna a jere. A yau daga Kantin Kwari zuwa Singa, daga 'Yan Kura zuwa Bata da Kasuwar Abubakar Rimi, da wuya mutum ya ga fili mai faɗi da ruwa zai nutse. Tsakar gidan da a da ƙasa ce, yanzu daɓen siminti ce ko tayil. Bakin shago ma an shimfiɗe shi da intalok.

Bayan yawa, akwai sauri. Ruwan da ke bin ciyawa da ƙasa yana jan ƙafa, ya isa rafi kaɗan-kaɗan. Wanda ke bin kwalta da kwata yana isa cikin mintuna, kuma duk unguwanni suna zubawa a lokaci guda. Shi ya sa lambatu ke tumbatsa tun ba a ɗauke ruwa ba. Gwargwadon saurin ruwa kuma, gwargwadon ƙarfinsa na zaizayar ƙasa da ɗaukar kaya.

Aikin da kududdufai suka riƙa yi

Matafiyan Turai da suka ga Kano a ƙarni na 19, Hugh Clapperton a 1824 da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, a 1851, duk sun ambaci fadamar Jakara da ta ratsa birnin kusa da kasuwa. Ban da ita, birnin cike yake da kududdufai, waɗanda akasari ramuka ne da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gina ganuwa da gidaje. An san illarsu: sauro, wari, da yaran da kan faɗa ciki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikin da suke yi wa birnin ba tare da an biya ko kwabo ba.

Aiki na farko shi ne riƙe ruwa. Kududdufi mai faɗin hekta ɗaya, idan yana da sararin zurfin mita biyu kafin ya cika, zai ɗauki lita miliyan 20, rabin abin da muka lissafa murabba'in kilomita ɗaya na ginanniyar unguwa zai zubar. Aiki na biyu shi ne tace ruwan. Duk matar da ta taɓa zuba ruwan rafi a randa da yamma ta san da safe za ta tarar da shi garau a sama, laka ta kwanta a gindi. Haka kududdufi ke yi: yana tsayar da ruwa har yashi da laka su sauka, abin da ya malala gaba ya fi wanda ya shigo haske. Aiki na uku shi ne ciyar da rijiyoyi, domin ruwan da ya tsaya yana tsatsafowa ƙasa a hankali.

A 'yan shekarun nan an cike kududdufai da dama da shara da ɓaraguzai, an yanka filaye an yi gini. Kowane ɗaya da aka cike, ruwan da yake riƙewa ya koma kan titi da lambatu, lakar da yake tarewa kuma ta koma Jakara. A daminar 2022, lokacin da ruwa ya mamaye layukan Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddodi masu ɗimbin yawa, 'yan kasuwa da dama sun ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa. Bayaninsu ya yi daidai da abin da ilimin ruwa ya tabbatar, wato in aka toshe wa ruwa hanya kuma aka hana shi masauƙi, zai nemi wuri mafi gangare ya zauna, kasuwar kuwa a gangare take.

Cika da janyewar tafki

Tsayin ruwa a kowane tafki sakamakon shiga da fita ne. Abin da ke shiga shi ne ruwan saman da ya sauka a kansa kai tsaye, da wanda rafuka suka kawo. Abin da ke fita shi ne wanda rana da iska suka busar, da wanda ya tsiyaye ƙasa, da wanda manoma suka ja da injin ban-ruwa, da wanda ya tsallake mazubar dam. A Kano, abin da zafin rana da iskar hunturu ke iya busarwa daga buɗaɗɗen ruwa a shekara ya fi ruwan saman shekarar yawa nesa ba kusa ba. Don haka tafkunanmu suna rayuwa ne da malalen ruwan watanni uku ko huɗu, sauran shekarar kuma suna ja baya.

A nan ne birni ke canza lissafin Wasai ta fuska biyu. Da damina, malalen unguwannin da aka gine yana sa dam ɗin ya hau da sauri fiye da yadda zai yi da a ce gonaki ne ke kewaye da kogin. Da rani kuwa, Jakara ba ta ƙafewa kamar sauran rafukan yankin, domin ruwan wanka da wanki da na mahauta da na masana'antu na ci gaba da gudu a cikinta. Ke nan a watannin da ba ruwan sama, kusan duk abin da ke shiga dam ɗin ruwan ƙazanta ne.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Duk yashi da lakar da ruwa ya kawo suna kwantawa a gindin dam, shekara bayan shekara, suna cinye zurfinsa. Dam ɗin da ya cushe yana saurin cika da damina, yana saurin janyewa da rani. Mai kallo daga baki zai ga ruwa ya kawo har gaɓa ya ce an samu albarka, alhali abin da ke ajiye ya ragu. Wannan ne ya sa tsayin ruwa shi kaɗai ba ya isa a auna arzikin tafki, sai an haɗa da zurfi. Haɗarin kuma ba ƙarami ba ne, domin madatsar da sararinta ya ragu ba ta da inda za ta sa ruwan babban hadari. Abin da ya auku a Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya shanye babban ɓangaren birnin, ya isa ya sa kowace jiha ta duba lafiyar madatsunta.

Abin da ke dagula ruwa

Dagulewa tana zuwa ne daga ƙananan abubuwan da ke yawo a cikin ruwa suna tare haske. Kowane iri da saurin kwanciyarsa. Yashi na sauka cikin daƙiƙoƙi ko mintuna, shi ya sa shi ne ke cike kwata da kwalbati tun a cikin gari. Laka mai laushi na ɗaukar awanni. Ƙwayoyin yumɓu kuwa suna da ƙanƙanta ƙwarai, suna iya yin makonni suna yawo, su ne ke kaiwa har tsakiyar dam su ba ruwa launin ja ko na ƙasa.

Majiyarsu a Fagge da Sabon Gari sananniya ce: layukan da ba a sa wa kwalta ba, tarin yashi da marmara a bakin gine-gine, ƙurar hunturu da ta kwanta a rufi da titi tsawon rani, da bolar kasuwanni. A kan waɗannan sai a ƙara ledar fiya wata da robobi, da baƙin man makanikai, da jini da tumbin mahauta, da ruwan masai da sokawe da suka tumbatsa. Ruwan farkon damina shi ne mafi muni, domin shi ke wanke dattin wata shida ko bakwai a tashi ɗaya.

Saboda haka launin ruwan tafki irin Wasai yana bin zagayen shekara. A farkon damina yakan yi duhu da ƙazanta. A tsakiyarta ya yi jajir da laka, ko da yake yawan ruwan sama na tsarma gubar da ke ciki. Idan damina ta ja baya laka ta kwanta, hasken rana ya samu shiga, sai wata matsalar ta taso. Ruwan ƙazanta na ɗauke da sinadaran naitirojin da fosfaros, waɗanda taki ne ga tsirran ruwa, sai gansakuka ta yi yawa ruwa ya koma kore, kainuwa ta rufe gefe-gefe. Idan waɗannan suka mutu suka ruɓe, suna cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Tarwaɗa na iya jurewa domin tana shaƙar iska daga sama, amma karfasa da ire-irenta sukan wahala. Da rani kuma, ruwa ya ragu, iska na kaɗa shi tana tayar da lakar gindi.

Masana suna auna dagulewa da na'ura mai haska ruwa, a ma'aunin da ake kira NTU. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta iyakance shi a 5, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fi son ya gaza 1 kafin a sa masa kulorin. A tafki akwai hanya mafi araha: wani faifai fari da masanin Italiya Angelo Secchi ya fara amfani da shi a 1865. Ana ɗaura shi da igiya a saki cikin ruwa har ya ɓace wa ido, sai a auna tsawon igiyar. Masunci ma zai iya yin wannan awo daga cikin kwalekwalensa.

Dole a yi hattara da abu ɗaya: washewar ruwa ba ita ce tsabtarsa ba. Binciken da malaman Jami'ar Bayero da wasu suka yi a kan Jakara da Getsi ya sha nuna ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam da kadmiyam a ruwa da laka. Waɗannan suna manne wa ƙwayoyin yumɓu su kwanta tare da su. Ruwan da ke sama yana iya yin haske, gubar na nan a gindi, babban ruwa na gaba ya sake tayar da ita.

Wanda abin ya shafa

Da ruwan Jakara ake noman latas da kabeji da alayyahu da karas a lambunan da ke bakin kogin, daga Kwakwaci har zuwa Wasai, kuma a kasuwannin birni ake sayar da su. Kifin dam ɗin ma nan yake dawowa. Abin da mai shago ya zuba a kwata da safe yana iya komo masa a kwanon abinci bayan 'yan watanni. Mazauna ƙauyukan bakin dam, waɗanda ba su da hannu a sharar birni, su ne ke wanka da wanki da shayar da dabbobi a ruwan, ga kuma tsargiya da ke addabar yaran da ke iyo a irin waɗannan tafkuna.

A cikin gari, ruwan da ya kwanta a layi yana shiga rijiyoyi marasa murfi, yana kuma kutsawa cikin fasassun bututun famfo da suka bi ta kwata, musamman idan babu ruwa a cikinsu. Wannan na cikin dalilan da ke sa amai da gudawa da taifot ke ƙaruwa da damina. Dagulallen ruwa yana da wuyar magani, domin ƙwayoyin cuta na fakewa a jikin laka kulorin ya kasa kai musu. Matatun Challawa da Tamburawa, masu ba birnin mafi yawan ruwan famfonsa, suna fuskantar irin wannan daga nasu kogunan: gwargwadon dagulewar ruwa, gwargwadon alam da za a kashe kafin ya kwanta.

Abin da ya kamata a yi

Aikin rufe Jakara da shimfiɗa titi a kanta, daga Wuju-Wuju zuwa Kwarin Gogau, wanda aka fara a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, yana rage wari da zuba shara kai tsaye a inda aka rufe. Sai dai magudanar kankare tana ƙara wa ruwa gudu, ba ta tace shi, kuma wadda aka rufe tana buƙatar ƙofofin shiga domin yashewa. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya rufe rafinsa na tsakiyar gari ya ɗora titi, daga baya ya buɗe shi tsakanin 2003 da 2005. Darasin da ke ciki shi ne magudana ita kaɗai tana kawar da ruwa ne daga wata unguwa zuwa wata.

Mataki na farko shi ne hukumar tsara birni ta KNUPDA ta ɗauki kududdufan da suka rage a matsayin kayan aikin gwamnati kamar gada da kwalbati, a shata iyakarsu, a katange su saboda yara, a hana cike su. Na biyu, a gina ramukan tare yashi da ragar tare leda a bakin manyan lambatun da ke zuba wa Jakara, tare da tafkin kwantar da laka kafin ruwa ya shiga Wasai. Na uku, yashe kwata ya zama kafin saukar ruwan farko, kuma motocin hukumar kwashe shara ta REMASAB su kwashe abin da aka fitar a ranar, domin tarin da aka bari a bakin titi ruwan gaba ne ke mayar da shi inda ya fito. Na huɗu, mahauta da masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi. Na biyar, manyan rufunan kasuwanni da filazoji su riƙa tara ruwan sama a tankuna, wanda zai rage malale ya kuma yi amfani a banɗakuna da kashe gobara, abin da kasuwannin Kano suka daɗe suna buƙata. Na ƙarshe, a haɗa awon ruwan sama da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke yi a Filin Jirgin Malam Aminu Kano da awon tsayin ruwa da zurfinsa da haskensa a Wasai, a riƙa sanar da jama'a duk wata.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa cika da launin ruwan Wasai ana yanke hukuncinsu ne a titunan Fagge da Sabon Gari da sauran unguwannin da ke zuba wa Jakara. Rufe ƙasa da siminti ya ninka malalen ruwa, cike kududdufai ya kawar da wuraren da ke riƙe shi su tace shi, shara da ruwan ƙazanta kuma sun mayar da kowane hadari abin jigilar datti. Ɗan kasuwar Kwari da masuncin Minjibir asara ɗaya suke yi, ɗaya a farkon kogi, ɗaya a ƙarshensa. Ba mu da iko a kan yawan ruwan da Allah zai saukar, amma inda zai tsaya da abin da zai ɗauka aikin hannunmu ne, kuma haƙƙin na ƙasa da mu yana wuyanmu. Duk tsarin da za a yi wa Jakara, a auna shi da tambaya biyu: shin ya rage wa ruwa gudu, kuma shin ruwan da ya bar birni ya fi na bara tsabta?